Rashin Tayi Akan Bar Arha

Duk matafiyin da ya bi hanyar Kano zuwa Katsina, da ya wuce Bichi ba da jimawa ba zai faɗa ƙasar Tsanyawa, kuma abin da idonsa zai fara gaya masa shi ne babu daji a nan. Gona ce ke bin gona, iyaka na jingine da iyaka, sai tsirarun itatuwan gawo da ɗorawa da kuka waɗanda aka bari da gangan saboda amfaninsu. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin karkarar Kano a shekarun 1960, ya bayyana yadda manoman irin wannan yanki suke nome gona ɗaya shekara da shekaru ba tare da sun bar ta ta huta ba, da ƙarfin takin da suke kwasowa daga turke da juji. Inda ƙasa ta yi ƙaranci haka, rabon gado kuma ya yi ta tsattsaga ta, gonar da ta fita daga hannun gida da wuya ta dawo. Ko da jingina aka yi, wato aka karɓi kuɗi aka miƙa wa mai kuɗin gona ya riƙa nomawa har ranar da za a fanshe ta, dattawa sun san cewa sau da yawa ranar fansar ba ta zuwa.

A wani ƙauye na wannan ƙasa akwai wani magidanci mai gonaki biyu da shanun huɗa guda biyu. Ɗansa na ƙarshe, wanda kowa a gidan ke kira Auta, shi ne ya yi nisa a boko: ya karanta ilimin akanta a Jami'ar Bayero, ya yi bautar ƙasa, sa'annan ya shekara shida yana aiki a wani banki a birnin Kano. Yawancin waɗanda yake hulɗa da su a wurin aiki fataken hatsi ne na kasuwar Dawanau, kuma ganin yadda manyan kuɗi ke juyawa a hannunsu ba tare da tsari ba shi ya sa masa sha'awar ƙaro ilimi. Abin da ya sa a gaba shi ne digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, wanda aka fi sani da MBA. Wannan digiri a Amurka ya samo asali, inda Jami'ar Harvard ta fara koyar da shi a 1908. Ba a cika ɗaukar ɗalibi ba sai ya yi 'yan shekaru yana aiki, kuma yana daga cikin digirori mafiya tsada a duniya.

Auta ya zauna jarrabawar GMAT da makarantun ke nema, ya fito da maki mai kyau, ya aika takardunsa. Ana cikin haka ƙasa ta zame a ƙarƙashin ƙafarsa. A watan Yuni na 2023 Babban Bankin Nijeriya ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da ake saye a hukumance a kan kusan naira 460 ta haura naira 1,500 kafin ƙarshen Fabrairu na 2024. Ajiyar shekara shida ta koma kamar ta shekara biyu, alhali ba wanda ya taɓa ko kwabo a cikinta.

A farkon 2024 wasiƙu biyu suka iso. Wata makaranta a Ingila ta ba shi gurbi, ta kuma yafe masa kashi ɗaya cikin uku na kuɗin karatu. Wata a Faransa ita ma ta ba shi gurbi, ta yafe masa rabi. Zuciyarsa na Ingila, domin karatun na shekara ɗaya ne, harshen ya san shi, kuma akwai malamai a can da suka ƙware a harkar kuɗin noma. Ya yi lissafin motarsa, da filin da ya saya a bayan gari, da rancen da wani attajirin Dawanau ya yi masa alkawari, ya ga har yanzu da sauran giɓi. Ya tafi gida cikin azumi ya shaida wa mahaifinsa. Tsohon bai yi dogon tunani ba, ya ce a jinginar da gonar gabas. Abin da ya fi ci wa Auta rai shi ne ya riga ya buga lissafin a asirce: gonar da ta ciyar da gidan tun zamanin kakanni, in an juya kuɗinta zuwa fam, ba za ta biya hayar ɗaki na shekara guda a can ba.

Bayan an sha ruwa an yi sallah, sai ga yayan mahaifin nasa ya shigo zaure. Wannan dattijo dillalin shanu ne, ya fi shekara arba'in yana bin kara-kara, bai taɓa zama a aji ba. Aka karanta masa wasiƙun biyu, aka fassara. Ya yi shiru yana jan carbi, sa'annan ya ce:

"To, nawa ka ce na farkon ya taya?"

Auta ya yi murmushi ya ce, "Baffa, ai ba tayi ba ne. Kyauta ce suka yi mini."

"Kyauta? Sun san ubanka ne?"

"A'a, Baffa."

"Mutumin da bai san ka ba, bai san ubanka ba, ba kuma surukinka ba, ya bar maka rabin kuɗinsa, ai akwai abin da ya hango a jikinka. Shi na Ingilan ya san abin da na Faransan ya taya?"

"Bai sani ba."

"Kai ka ɓoye masa ke nan. Rashin tayi akan bar arha."

Nan mahaifin Auta ya sa baki, ransa a ɗan ɓace. Ya ce, "Yaya, wannan magana ba ta yi ba. Mutum ya ba ka abu, ka buɗe baki ka ce ƙaro? Gara in rasa gonar da a ce ɗana ya yi rashin godiya a ƙasar mutane. In suka fusata suka janye fa?"

Abin lura a nan shi ne, saɓanin 'yan'uwan biyu daga kalma ya taso. Hausa ta ware wa kowace irin bayarwa sunanta, kuma kowane suna yana tafe da ladabinsa. Kyauta ana karɓarta da hannu biyu, a yi godiya, a ba ɗan aike tukuici. Ba a juya ta a duba, balle a ce ta yi kaɗan. Sadaka ana karɓa a yi addu'a. Gudummawar biki ana karɓa a riƙe a zuci, domin ranar ramawa na tafe. Rangwame kuwa ɗan kasuwa ne tun asali: ragi ne da mai kaya yake yi don kada mai saye ya wuce rumfar gaba, kuma ba a taɓa jin wanda ya ji kunyar nemansa ba. Haka ma gyara. Yarinyar da aka aika sayen daddawa ta ce a gyara mata, ba wanda zai ce ta yi roƙo. Da aka zo sa wa kuɗin da ake ba ɗalibai suna, sai aka ari kalmar Turanci aka ce sukolashif, ko kuwa aka ce tallafin karatu, zukata kuma suka jefa sunayen biyu cikin kwandon kyauta. Uban Auta da ladabin kyauta yake magana, yayansa da ladabin rangwame, kowannensu kuma ya yi daidai in da kalmar da ya zaɓa ita ce ta dace da abin.

Uban yana da hujja a tarihi. Tun zamanin En'e da gwamnatin Jihar Arewa, hukuma ce mutanen karkara suka sani da ɗaukar nauyin ɗalibi. A zangon mulkin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, daga 2011 zuwa 2015, Jihar Kano ta tura matasa ƙasashen waje domin digiri na biyu, rukunin farko mutum 501. A 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta farfaɗo da shirin da gurabe 1,001, aka tura ɗalibai Indiya da Uganda. A irin wannan tsari babu ciniki, kuma bai kamata a yi ba: dukiyar jama'a ce, a cika fom, a jira sunaye su fito, wanda ya dace ya gode wa Allah. Auta bai shiga sahun ba domin masu digiri mai daraja ta ɗaya aka nema, nasa kuwa mai bi mata ne.

Makarantun kasuwanci na ƙasashen waje al'amarinsu daban ne, domin su kansu a kasuwa suke. Jaridar Financial Times ta Landan tun 1999 take fitar da jerin makarantun bisa fifiko a kowace shekara, kuma cikin abubuwan da take aunawa akwai albashin waɗanda suka gama bayan shekara uku, da yadda ajin ya haɗa 'yan ƙasashe daban-daban. Makarantar da ta sauka a jerin, masu nemanta za su ragu, kuɗin shigarta ya ragu. Saboda haka kowace tana farautar ɗaliban da za su ɗaga sunanta, kuma duk gurbin da ta miƙa wa wani ya ƙi karɓa, asara ce gare ta. Kuɗin da take yafe wa wanda ta ga ya cancanta, ragi ne take yi don kada ya wuce rumfar gaba. Ɗalibi daga arewacin Nijeriya mai maki mai kyau, wanda ya san cinikin hatsi tun daga masussuka har zuwa teburin banki, ba kullum irinsa ke shigowa kasuwarsu ba. Ashe dai dillalin da bai san sunan ko ɗaya daga cikin makarantun ba ya fi ɗan bokon gane inda aka dosa.

Sai dai ba kowane tallafi ba ne rangwame, kuma wajibi ne malamin da zai ba ɗalibi shawara ya rarrabe. Akwai makarantun da ke bayarwa bisa buƙata, kamar ta Harvard, inda ake duba abin da mutum yake samu da abin da ya mallaka a yanke masa gwargwadon haka. Kai wa irin waɗannan wasiƙar wata makaranta ɓata lokaci ne. Haka nan tallafin gwamnatoci, kamar Chevening na Birtaniya, ƙa'idarsa a rubuce take, ba ta motsi don wani ya yi tayi. Wasiƙun Auta duka biyu sun faɗa a fili cewa don cancanta aka ba shi, wannan kuma shi ne irin da ake iya komawa a yi magana a kansa.

Da gari ya waye Baffa ya kira Auta gindin darbejiyar ƙofar gida, ya yi masa tambayar da ta fi ta jiya nauyi.

"In na Ingilan ya juya maka baya, za ka tafi Faransan da gaske, ko baki ne kawai?"

"Zan tafi, Baffa."

"In shi ma kuɗin ya faskara?"

Auta ya ce akwai Makarantar Kasuwanci ta Ɗangote a Jami'ar Bayero, wadda aka buɗe gininta a 2018. Zai iya yin digirin a can yana riƙe da aikinsa, yana kwana a gidansa.

"Madalla. Yanzu ka isa shiga kasuwa. Wanda ya kawo sa alhali mai bashi na tsaye a ƙofar gidansa, ba shi ke sayarwa ba, bashin ke sayarwa. Wanda zai iya kora abinsa ya koma gida, shi ake bi ana roƙo."

Wannan batu shi ne ƙashin bayan wani littafi da Roger Fisher da William Ury na Jami'ar Harvard suka wallafa a 1981 mai suna Getting to Yes, wanda har yau ake karantarwa a makarantun kasuwanci. Abin da suka kafa shi ne ƙarfin mai sasantawa yana ga kyawun mafitar da yake da ita idan magana ta watse. Abin dariya ne, kuma abin tunani, a ce Auta zai biya fam a koya masa abin da aka gaya masa kyauta a gindin darbejiya.

Harshen kara ya cancanci a tsaya a kansa, domin a cikinsa dabarar take. Galibi ba mai dabba ke fara faɗin kuɗi ba, mai saye ke tayawa. In tayin bai kai ba, mai dabba ba ya cewa bai yarda ba, sai ya ce "albarka". Ƙi ne da aka naɗe cikin addu'a: kalmar ta ƙi kuɗin, ba ta ƙi mutumin ba, shi ya sa mai saye yake tsayawa ya ƙara maimakon ya yi fushi ya tafi. In wani ya riga ya taya, halal ne mai dabba ya ce, "An taya shi kaza, ban sallama ba." Labari ne ya bayar na gaskiya, mai saye ya ga in zai iya wucewa. Kalmar ƙarshe ita ce "na sallama", kuma da zarar ta fita daga baki, dabba ta tashi daga hannun mai ita ko da ba a ƙirga kuɗi ba tukuna. Masanin zamantakewa Abner Cohen, a littafinsa na 1969 a kan Hausawan unguwar Sabo ta Ibadan, ya nuna cewa cinikin shanun da ake kaiwa kudu bisa bashi da amana yake tafiya, ba bisa takarda ba. Dillalin da aka kama da ƙarya sau ɗaya, jarinsa ya ƙare, domin bakinsa ne jarin.

Jarrabawar wannan amana ba ta daɗe ba ta zo. Da Auta ya koma Kano, wani abokin aikinsa ya ba shi shawara ya rubuta wa makarantar Ingila cewa Faransawa sun yafe masa kashi uku cikin huɗu. Wa zai bincika? In ma an nemi shaida, ai kwamfuta na iya gyara lamba a takarda. Auta ya kwana biyu yana juya maganar, don giɓin da ke gabansa gaskiya ne, gonar ma gaskiya ce. Ya buga wa Baffa waya ya ɗan gutsura masa. Dattijon ya ce wannan shi ne aikin 'yan kore, waɗanda ake haɗa baki da su su zo su ƙara kuɗi a kan dabba ba da niyyar saye ba, don a ruɗi baƙo. Malaman fiƙihu suna kiran wannan najashi, kuma haramun ne. Faɗin tayin da ba a yi ba ɗan'uwansa ne na jini. Ko an ajiye batun addini, dabarar ta wawa ce, domin makarantu da yawa sukan nemi a turo musu ainihin wasiƙar, kuma wanda aka kama da jabu gurbin gaba ɗaya zai rasa, ba ragin kaɗai ba.

Wasiƙar farko da Auta ya tsara ta cika shafi biyu. Ya kawo labarin ƙauyensu, da tsufan mahaifinsa, da faɗuwar naira, da ƙannen matarsa da yake ɗauke da su. Da ya je gida ƙarshen mako ya fassara wa Baffa, dattijon ya saurara har ƙarshe ya ce, "Wannan ai bara ce. Ka koma wurin ubanka ke nan, ka mai da abin sadaka. Mai sayen sa ba ya tambayar ko 'ya'yan mai san sun ci tuwo." Magana ce mai zafi, kuma ba duka ta yi daidai ba, domin ma'aikatan ofishin ɗaukar ɗalibai mutane ne, faɗuwar naira kuma dalili ne da ya cancanci jimla ɗaya. Amma jimla ɗaya, ba shafi biyu ba.

Kafin ya sake rubutawa sai da ya zauna ya yi lissafin da ya kamata ya fara yi tun farko, domin "rabi" da "kashi ɗaya cikin uku" kalmomi ne masu ruɗi in ba a san na mene ne ba. Karatun Faransa ya fi tsawo da wasu watanni, kuma kowane wata haya ce da abinci da rashin albashi. Ingila kuma tana da nata ƙarin: tun Fabrairu na 2024 kuɗin kiwon lafiya da ɗalibi ke biya tare da biza ya koma fam 776 a shekara, sa'annan dole ya nuna kuɗin guzurinsa sun zauna a asusu kwana 28 a jere kafin ya nemi bizar. Tun Janairu na shekarar kuma an hana masu irin wannan digiri tafiya da iyali, wato matarsa da 'yarsa a wurin Inna za su zauna. Da ya tattara komai, ya ga Faransa ta fi sauƙi har yanzu, amma tazarar ba ta kai yadda kalmomin suka nuna ba. Ya kuma san adadin da yake buƙata daidai, ba "a taimaka da abin da ya sawwaƙa" ba. Wannan lissafi ba ƙaramin abu ba ne. A watan Mayu na 2024 aka ji labarin ɗaliban Nijeriya a Jami'ar Teesside ta Ingila waɗanda aka dakatar da karatunsu, aka umarce su da barin ƙasar, saboda sun kasa cika kuɗin makaranta bayan faɗuwar naira. Tafiya da giɓi a aljihu bisa fatan Allah zai kawo, ita ce hanyar da ta kai mutane da yawa ga dawowa ba digiri ba kuɗi.

Wasiƙa ta biyu ba ta wuce rabin shafi ba. Ya fara da godiya, wadda ita ce rabon mahaifinsa a cikin maganar, kuma rabo ne mai kyau. Ya faɗa musu cewa makarantarsu ce zaɓinsa na farko, ya kawo dalili ɗaya takamaimai. Ya shaida musu abin da makarantar Faransa ta ba shi, ya haɗa da wasiƙarta yadda take. Ya ambaci ƙarin girman da aka yi masa a wurin aiki bayan ya aika takardunsa, tun da sabon abu ne da ba su sani ba. Sa'annan ya faɗi adadin da ya rage masa, ya tambaya ko za a iya sake duba lamarinsa kafin ranar biyan kafin alƙalami. Bai yi barazana ba, bai ce zai tafi wani wuri ba. Wasiƙar da ya haɗa ta isa ta faɗi wannan. Lokacin ma yana da muhimmanci, domin wanda ya riga ya biya kafin alƙalami ya sallama, ba shi da sauran abin tayawa.

Kwana tara ba amsa. A cikin kwanakin nan uban Auta bai ce wa yayansa uffan ba, amma an ga ya je gonar gabas sau biyu da rani tsaka, yana zagaya iyakarta yana duban gamba, kamar mai ban kwana. Ran na goma saƙo ya shigo. Ba su fusata ba, ba su janye ba. Har godiya suka yi da ya gaya musu gaskiya. Sun ce ba za su iya kaiwa rabi ba, amma sun ɗaga ragin zuwa kashi biyu cikin biyar, sun kuma yarda ya biya sauran a kashi uku. Da aka fassara wa Baffa sai ya yi dariya ya ce, "Albarka suka ce, amma sun matso." Ya hana a sake komawa. A ganinsa tayi na biyu bayan an matso maka ba tare da ka zo da wani sabon abu ba, kwaɗayi ne, kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala. Auta ya sake lissafi: gona ta tsira, amma sai an sayar da shanun huɗa da ragunan da Inna ke kiwo don layya. Ya rubuta ya ce ya karɓa, ya biya kafin alƙalami, a ranar kuma ya rubuta wa makarantar Faransa ya gode, ya sake musu gurbinsu, tun da akwai wani a layi yana jira, taura biyu kuma ba ta taunuwa.

Bayan kwana huɗu Faransawa suka amsa. Sun ce sun yi baƙin cikin rasa shi, kuma in zai sake tunani, za su ƙara a kan rabin. Ƙarin ya isa ya bar shanun a turkensu, ko da an yi asarar kafin alƙalamin da aka biya.

A nan ne 'yan'uwan biyu suka yi musayar wuri. Uban Auta, wanda da ya ƙi a yi ciniki, ya ce ai wannan ba su suka nema ba, arziki ne ya biyo su har gida, kuma damina na tafe, ba ya son ya tsaya layin hayar shanu bayan kowa ya gama huɗa. Yayansa, wanda ya tura yaron kasuwa, ya ce sam.

"Ka ce musu su ne zaɓinka na farko?"

"Na ce, Baffa."

"Sun matso don maganarka, ka ce ka karɓa?"

"Na ce."

"To an sallama. Ko ninki aka ba ka, san ba naka ba ne."

Gaskiya ita ce doka ba ta ɗaure Auta ba. Kafin alƙalami a irin wannan tsari kuɗi ne da mutum ke iya bari ya tafi, makarantun sun san ana yi, kuma ba kowane mai yi ne mayaudari ba. Wanda ragin farko bai ishe shi ba ko kusa, in ya sami mafita daga baya, ba za a zarge shi ba. Kwatancen kara ma yana da iyaka, don a kara dillali da mai saye gobe za su sake haɗuwa, makarantar Ingila kuwa ba ta san hanyar Tsanyawa ba. Amma lamarin Auta ya bambanta ta fuska ɗaya: ƙarin da ya samu da maganarsa ya same shi. Ya ce su ne zaɓinsa na farko, aka gaskata shi, aka ɗebo kuɗi daga rabon wani aka ƙara masa. In ya juya bayan kwana huɗu, jimlar nan ta koma tayin ɗan kore, ko da ranar da ya rubuta ta da gaske yake. Akwai kuma wanda Baffa bai ambata ba, wato yaron da zai rubuto irin wannan wasiƙa daga Kano ko Katsina baɗi, a karanta ta a ofis ɗin nan.

Auta ya kwana bai runtsa ba. Da asuba ya rubuta wa Faransawa layi uku, ya gode, ya ce ya riga ya ba da kalmarsa.

Ana saura mako biyu babbar sallah Baffa ya kora shanun ƙanensa zuwa kara da kansa. Ya ce "albarka" sau biyar kafin ya sallama, ya kawo kuɗin cif ya zube a gaban mai su, bai cire ko kwabo ba. Da Auta ya zo sallama zai koma Kano neman biza, dattijon ya riƙe hannunsa ya ce saura la'adarsa. Auta ya sa hannu a aljihu, ya ture hannun.

"Ba wannan ba. In ka je, ka tambayo mini malaman nan naku, in mutum zai ce albarka da Turanci, ƙaƙa yake cewa."

A daminar nan uban Auta ya jira har maƙwabcinsa ya gama tasa huɗar sa'annan aka kawo masa shanun haya, ya makara da kwana shida. Gero ya shuka a gonar gabas, da wake a tsakanin kunya.